Kwana Huɗu a Wida: Ziyarar Wani Ɗan Kasuwar Maraɗi da Uwargidansa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa fiton kaya daga Kotonu ya san hanyar kamar yunwar cikinsa: Birnin Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, a ƙetare gadar kogin Kwara a faɗa Malanbil, sa'an nan Kandi, Paraku, Sabe, Dasa, Bohikon, har a ji warin teku. Amma in aka tambaye shi abin da ya gani a ƙasar Benin, da wuya amsarsa ta wuce abu uku: tashar jiragen ruwa, buron duwan, da masallacin Zongo. Labarin wannan mako na wani Alhaji ne mutumin Maraɗi, mai sayar da shinkafa da man girki, wanda ya shekara 22 yana wannan zirga-zirga bai taɓa taka garin Wida ba, alhali kuwa tsakanin garin da ɗakin da yake sauka a Zongo bai fi kilomita 40 ba. Wadda ta kai shi can uwargidansa ce, malamar lakwal, wadda ba ta taɓa ganin teku ba sai a taswira.

Yadda maganar ta taso

Hajiya ta shekara 17 tana koyar da ƴan aji shida. Kowace shekara in darasin tarihi ya kawo kan cinikin bayi, sai ta zana kusurwa uku a allo, ta rubuta Turai, Afirka, Amurka, ta jera sunayen tashoshi: Gore, Elmina, Wida. Yara su kwafa, su haddace, su mayar mata ranar jarrabawa. Ran nan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, ke kin taɓa ganin wurin?" Ta ce a'a, ta ci gaba da darasi. Amma tambayar ta bi ta har gida.

Da dare, bayan maigida ya ci tuwo ya wanke hannu, ta ɗauko maganar.

"Alhaji, ina da roƙo. In za ka Kotonu a watan Disamba, ka tafi da ni."

"Haba Hajiya, Kotonu ai wurin wahala ne. Me za ki yi a bakin tasha, cikin hayaƙin kamiyo?"

"Ba Kotonu nake so ba, ranka ya daɗe. Wida nake so in gani. Na ɗauki adashena, kuɗin motata yana hannuna."

Alhaji ya yi shiru, domin ya tuna ya sha ganin sunan a allon bakin hanya in zai wuce Lome, bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Da ya kai maganar fada wurin shan shayi, abokai suka yi masa ca. Ɗaya ya ce yawon buɗe ido al'adar Nasara ce. Bahaushe in ya ɗaura kaya, ko fatauci, ko neman ilimi, ko aikin hajji, ko gaisuwar mutuwa. Wani ya ce kuɗin da za a kashe ya isa rabin sadakin amarya. Alhaji ya bar su suka gama, kana ya ce to ai tafiyar ta neman ilimi ce, tana cikin huɗun da aka lissafa. Ran nan ya yanke shawara, watakila don kada a ce fada ce ta hana shi.

Suka tashi a ƙarshen watan Disamba na 2018, lokacin hutun lakwal, hunturu na kaɗawa. Kwana biyu suka yi a hanya cikin kar. Hajiya ta bar Maraɗi da rigar sanyi biyu. Kafin su wuce Paraku ta cire ɗaya, a duwatsun Dasa ta cire ta biyun, da suka iso Alada, inda mata ke tallar abarba a bakin gudro, mayafi ma nauyi ya yi mata. A Kotonu Alhaji ya yi kwana ɗaya ya sallami mai fitar masa da kaya, washegari suka ɗauki taksi suka yi yamma.

Gidan Fotugal

Wida ƙaramin gari ne mai jar ƙasa, shiru, babu hayaniyar ƴan zemijan masu rawayar riga da suka cika Kotonu. Tsofaffin benaye ne masu tagogin katako, ginin irin na Burazil, a bakin ƙofofin kuwa sunaye irin su de Souza, da Silva, d'Almeida, alhali masu gidajen baƙaƙe ne. Garin kansa ba a bakin ruwa yake ba. Tsakaninsa da teku akwai tafiyar kusan kilomita 4 da wata doguwar fadama.

Wurin farko da suka shiga shi ne tsohon sansanin Turawan Fotugal, wanda aka gina a 1721. Faransawa da Ingilishi su ma sun yi nasu sansanin a garin, amma na Fotugal ne ya rage a tsaye. Abin mamaki, wannan ƴar haraba ta zauna ƙarƙashin tutar Fotugal duk tsawon mulkin mallakar Faransa, har bayan Dahome ta samu ƴancin kai a 1960. Sai a 1961 gwamnati ta ce wa wakilin Fotugal ya fita. Shi kuwa ya cinna wa gidan wuta kafin ya tafi. An gyara shi, aka mayar da shi gidan tarihi a 1967.

Ɗan jagora da Faransanci yake bayani. Faransancin Alhaji na tasha ne, na kuɗin fito da lambar kwantena, don haka Hajiya ce ta zama tafinta. Shekara 25 suna tare, wannan ne karo na farko da ya tsaya a bayanta yana jiran ta gaya masa abin da aka ce.

Ga abin da ta fassara masa. Tun asali garin tashar masarautar Huweda ne, mai hedkwata a Sabi, ƴan kilomitoci a arewa. A 1727 Sarkin Dahome Agaja ya sauko daga Abome ya ci Huweda da yaƙi, Wida ta zama ƙofarsa ta teku. Ya naɗa wakili mai suna Yobogan, ma'ana sarkin farar fata, wanda ke karɓar haraji yana kula da baƙin fatake, kusan irin aikin Sarkin Turawa a Agadas ta dā. Daga wajen 1670 zuwa shekarun 1860, mutanen da aka fitar ta wannan gari zuwa ƙetaren teku sun haura miliyan 1. In ban da Luwanda ta ƙasar Angola, babu tashar da ta kai ta a duk Afirka. Faransa ta mamaye garin a 1892.

Alhaji, da yake ɗan kasuwa ne, tambaya ɗaya ta zo masa: da me ake biya? Ɗan jagora ya lissafa: bindigogi da albarushi, barasa, yadi, sandunan ƙarfe, tabar Bahiya da ake naɗewa a shafe da ruwan rake, sai kuma wuri. Wurin nan daga tsibiran Maldibe na tekun Indiya ake kwaso shi, a kai Turai, a loda shi a gindin jirgi, a sauke a Wida buhu-buhu. Daga bakin teku ya yi ta hawa arewa ta hannun fatake. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Da Hajiya ta kai nan, Alhaji ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya ce, "Wato kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wani sashe nasa kuɗin kan mutum ne." Ba ta ba shi amsa ba, suka wuce ɗaki na gaba.

Mesa, coci da masallaci

Kwana na biyu ya fi sauƙi. A tsakiyar gari akwai ɗakin mesa, inda mabiya addinin gargajiya na Bodun ke girmama macijin da suke kira Dangbe. Ƙananan mesa ne marasa dafi, gomomi a kwance cikin wani zagayayyen ɗaki. Sukan fita gari neman abinci, wanda ya tsinci ɗaya a gidansa ba ya kashewa, sai ya mayar. Masu kula da wurin sukan rataya wa baƙo ɗaya a wuya don hoto. Alhaji, wanda ya sha kwana a dajin Kandi motarsa ta lalace, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce daga nan ma yana gani sarai. Hajiya ta matsa kusa ta duba, ba ta taɓa ba, ta ce masa ai ko a Daura akwai labarin macijin rijiyar Kusugu. Ya ce wancan kashe shi aka yi, shi ya sa labarin ya yi daɗi.

Daura da ɗakin mesa, tsallaken fili kawai, babbar cocin Katolika ce da aka gina a farkon ƙarni na 20, ƙofa na kallon ƙofa. Can gaba akwai kurmin Kwase, inda mutanen garin ke cewa sarkin da ya kafa Wida ya rikiɗa ya zama itacen loko. Da azahar ta yi suka tambayi masallaci, aka nuna musu unguwar Maro. Nan ne ƴantattun bayi da suka komo daga Burazil a ƙarni na 19 suka zauna, cikinsu da Musulmi. Jikokin masu komowa ana kiransu Aguda, su ne masu sunayen Fotugal ɗin nan, kuma su ne suka kawo ginin da ya ba garin kamanninsa. Babban masallacin Porto-Nobo, wanda baƙo zai rantse coci ne, aikin irinsu ne.

Da maraice suka ci soyayyen kifi da tuwon masara a wata rumfa. Alhaji ya yi ƙorafin yaji, ya kuma ƙara faranti.

Hanyar bayi

Kwana na uku ne dalilin tafiyar. Ƴan kabu-kabu suka kewaye su, kowa na cewa zai kai su bakin teku cikin minti goma. Hajiya ta ce da ƙafa za ta je. Alhaji ya dubi rana, ya dubi takalminsa, ya bi ta.

Hanyar ta fara daga dandalin Shasha, gaban gidan Francisco Félix de Souza, mutumin Burazil wanda ya taimaki Gezo ya hau gadon Dahome a 1818. Sarki ya saka masa da matsayin babban dillalinsa a Wida, ya zama attajirin da babu kamarsa a wannan gaɓa har ya mutu a 1849. Zuriyarsa na nan cikin garin. A wannan dandali, in ji mutanen wurin, ake baje mutane a duba haƙora da idanu da gaɓoɓi, a yi ciniki, a ɗora musu lamba da ƙarfe mai zafi kamar yadda ake yi wa raƙuma.

Daga nan sai wurin da ake kira itacen mantuwa: an ce maza sukan kewaya shi sau 9, mata sau 7, wai don su manta garinsu da sunansu. Sai Zomayi, ɗakin duhu inda ake tsare mutane har jirgi ya iso. Sunan na nufin inda wuta ba ta shiga. Sai Zungboji, inda aka yi abin tunawa a kan ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin tafiya. Sai itacen komowa, wanda ake kewayawa sau 3 don ko gangar jiki ta mutu a can, kurwa ta dawo gida. Ya kamata mai karatu ya san cewa labarin itatuwan nan daga bakin jama'a aka karɓo shi, kuma waɗansu masana tarihi suna ganin an ƙara masa gishiri a zamanin baya-bayan nan. Gumakan siminti da ke gefen hanya, waɗanda Cyprien Tokoudagba da abokan sana'arsa suka yi, na farkon shekarun 1990 ne. Amma hanyar kanta, da yawan waɗanda suka bi ta, da sunayen jiragen da suka ɗauke su, duk suna cikin littattafan ƴan kasuwar da suka yi cinikin, domin ɗan kasuwa ba ya wasa da lissafi.

Bayan an ƙetare fadama, kusa da ƙauyen Jegbaji inda mata ke dafa gishiri, sai ƙasa ta koma rairayi, ƙarar ruwa ta fara isowa tun ba a gan shi ba. A ƙarshen hanya ga wata babbar ƙofa tsaye ita kaɗai a bakin teku, an zana jerin mutane ɗaure suna tafiya wajen jirgi. Ita ce Ƙofar da Ba a Komowa, wadda aka gina a 1995 zamanin Shugaba Nicéphore Soglo, bayan hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a nan Wida a 1994.

Wida ba ta da mashigin jirgi. Igiyar ruwa a wannan gaɓa mugunya ce, har yau ana gargaɗin baƙo kada ya shiga wanka. Manyan jirage can nesa suke tsayawa, a zuba mutane cikin kwale-kwale a ratsa igiyar da su, wani lokaci ya kife da su ɗaure. Ingila ta hana cinikin a 1807, Burazil ta rufe ƙofarta a 1850, duk da haka ba a daina ba. A 1860 wani jirgi mai suna Clotilda ya ɗauki mutum 110 daga nan ya kai su Alabama a ɓoye. Shi ne jirgin bayi na ƙarshe da aka sani ya shiga Amurka, kuma a 2019 aka tabbatar da gano gawarsa cikin wani kogi a can.

Hausawan da suka bi ta nan

Mai karatu na iya cewa wannan labarin mutanen kurmi ne, ina ruwan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Tarihi bai yarda da haka ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, waɗanda su ne sanadin kafuwar Maraɗi ta yanzu bayan sarakunan Katsina sun baro birninsu, sun samar da kamammu daga kowane ɓangare. Waɗansu aka yi arewa da su ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus. Waɗansu aka yi kudu da su ta Nufe da ƙasar Yarbawa, hannu zuwa hannu, har Ikko, Badagiri, Porto-Nobo da Wida. Mafi yawan waɗannan a Bahiya ta ƙasar Burazil suka sauka.

A can ba su kwanta ba. Hukumomin Bahiya sun rubuta yunƙurin tawayen Hausawa a 1807, da boren 1809 da na 1814. A watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmin birnin Salbado, yawancinsu Yarbawa tare da waɗansu Hausawa, suka yi babban boren da ake kira na Male. A jikin waɗanda aka kashe ƴan sanda suka tarar da layu da takardun rubutun Larabci. Bayan haka ne aka koro ƴantattu da dama zuwa gaɓar da aka ɗauko su. Wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa ya rubuta abin da suka gaya masa game da garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga a 1851.

Akwai kuma Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Jugu a arewacin Benin ta yau, zangon fataken goro tsakanin Kano da Gwanja. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kama shi yana saurayi, aka gangaro da shi ta Dahome har Wida, aka sa shi jirgi wajen 1845 zuwa Burazil. A 1847 ubangidansa, wani matuƙin jirgi, ya tafi da shi New York da lodin kofi, a can ya gudu. Ya zauna Haiti, ya yi karatu a Amurka, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. Burinsa ya komo gida. Labarinsa na ƙarshe da aka samu daga Ingila ne, a 1857, yana neman hanya.

Zancen bakin teku

Suka zauna a inuwar kwakwa, Hajiya ta cire takalmi. Alhaji ya daɗe yana kallon ruwa, sa'an nan ya fara faɗa: Allah ya isa tsakanin baƙar fata da Nasara, Allah ya isa da sarakunan Abome da suka sayar da ƴan'uwansu don barasa da taba. Ta bar shi ya sauke, kana ta ce a hankali:

"Alhaji, Nasara a jirgi suka tsaya. Sarkin Abome kuma bai taɓa zuwa Katsina ba. Wa ya kawo masa ɗan Bakatsiniya?"

Bai amsa ba. Ta ƙara da cewa, "Ka tuna yaron nan da ya nemi ƴar ƙanenka bara waccan?"

Ya tuna. Yaro ne mai hankali, ma'aikacin asibiti, yarinya na sonsa. Da aka yi binciken asali sai wata tsohuwa ta ce kakan kakansa sayensa aka yi. Aka taru a zaure aka mayar da kayan, kuma Alhaji na cikin waɗanda suka ce a mayar. Ya ce, "Hajiya, wannan daban, wancan daban." Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne." Ba ta sake tayar da maganar ba har suka bar garin.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Faransa ta haramta cinikin mutane a yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma da dokar 1905, amma Nijar ba ta sa bauta cikin manyan laifuffuka ba sai a 2003, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta daɗe tana wannan gwagwarmaya. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240, a yankin Ƙwanni. Kotu ta ce a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Motar da ta ɗauko Alhaji da Hajiya ta bi ta wannan yanki kafin ta kai Doso. Doka tana iya kwance sarƙa, amma kalmar da ake raɗawa a zaure ranar neman aure, babu alƙalin da ke jinta.

Kwana na huɗu suka shiga gidan Ajabon, wani bene na 1922 da gidauniyar Zinsou ta mayar gidan nunin zane-zanen zamani a 2013. Suka sayi man kwakwa da gishirin Jegbaji na tsaraba. Kafin su tashi Hajiya ta roƙi a koma bakin teku sau ɗaya. Ta cika wata gorar roba da ruwan, ta ƙulla rairayi a leda.

Bayan an komo

Abubuwa sun sauya tun daga wannan tafiya. Gwamnatin Benin ta shiga manyan ayyukan gyara a Wida, har da sansanin Fotugal. A watan Janairu na 2024 ta fara wani babban biki na shekara-shekara a garin, kewayen ranar 10 ga wata da aka daɗe da ware wa addinin gargajiya, kuma a wannan shekarar ta yi dokar ba jikokin bayin da aka fitar damar zama ƴan ƙasa. A ɗaya gefen, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairu na 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Kayan ƴan kasuwa da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina. Da Alhaji ya ce wa Hajiya ta bari sai wata shekara, kamar yadda ya yi niyya da farko, da shekarar ba ta zo da sauƙi ba.

Wannan shi ne abin lura na farko ga ɗan kasuwa da ma'aikaci. Mutum na iya yin shekara 20 yana wuce wuri, yana cewa wata rana, har a wayi gari hanya ta rufe. Ba kuma lalle sai an ƙetare iyaka ba. Ma'aikata nawa ne suka yi shekaru a Damagaram ba su taɓa zaga Birni da iyalinsu ba, ko suka zauna Yamai ba su kai matansu gidan tarihi na Bubu Hama ba? Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2013, baƙi daga nesa sun san shi fiye da ƴan ƙasa da yawa. Abin lura na biyu: wadda ke riƙe da gida in maigida ya yi tafiya, tana da haƙƙin ta ga inda hanyar take kaiwa. Alhaji da kansa ya faɗa a fada cewa a kwana huɗun nan ya yi hira da Hajiya fiye da yadda suka yi a shekara guda.

Maganar auren kuwa ba ta gyaru ba. An riga an aurar da yarinyar ga wani, yaron ma ya yi aurensa a Tasawa. Abin da kawai aka gani shi ne, da aka sake kawo zancen asali a wani neman aure cikin dangi, aka juyo wajen Alhaji don jin ta bakinsa, sai ya ce a tambayi halin yaron da sana'arsa da sallarsa, sauran shi ba ya ciki. Waɗansu suka ji haushi, wani dattijo ya ce tun da ya je yawo da mace ya sauya. Bai musa ba.

Gorar ruwan teku tana cikin kabad a ajin Hajiya. Kowace shekara in darasin kusurwa uku ya zo, takan fito da ita da ƙullin rairayi, ta ɗiga wa kowane yaro ɗigo guda a tafin hannu ya lasa. Su yamutsa fuska su ce gishiri. Sa'an nan ta rubuta Wida a allo, ta rubuta Katsina a can sama, ta ja layi tsakaninsu, ta ce su ƙirga garuruwan da ke kan hanya.

Sai wani mako, in Allah ya kai rai.